Sulhu, kotu ko gwanjo: wace hanya ta fi in bashi ya sha kan ɗan kasuwa a Maradi

Tun rufe bodar Najeriya ta watan Agustan 2019 da ba a buɗe ba sai Disamban 2020, ga wadda ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ga naira da ta yi ta zubewa, jarin mutane da yawa ya taɓu a garin nan, dama kuma cinikin Maradi rataye yake da hanyar Ɗan Issa zuwa Jibiya, Katsina da Kano. Wasu sun miƙe, wasu har yau suna jan ƙafa. Abin da ke ci mini rai shi ne mutum ya san tun watanni cewa bashi ya fi ƙarfinshi amma kunya ta hana shi motsi, sai ranar da wisiye, mai kai takardun kotu da kama kaya, ya tsaya ƙofar mangaza da takarda a hannu sannan a shiga neman avoka ido rufe, alhali a lokacin hanyoyin da suka fi sauƙi sun riga sun rufe mishi.

Dokar da ke kula da wanga lamari ba ta Nijar kaɗai ba ce, ta OHADA ce, ƙungiyar ƙasashe 17 da suka haɗa dokokin kasuwancinsu tun yarjejeniyar Port-Louis ta 1993. An yi dokar karyewar ɗan kasuwa a 1998, aka sake ta a Grand-Bassam na Kodebuwa ran 10 ga Satumban 2015, sabuwar ta fara aiki 24 ga Disamban shekarar. Najeriya ba ta cikin OHADA, saboda haka abin da abokin cinikinka na Kano ya gaya maka kan yadda ake yi a can kar ka ɗauko shi nan. Dokar ta shafi ɗan kasuwa, mai sana'ar hannu, manomi, duk mai aikin kanshi, da kamfanoni. Ma'aikacin da ke jiran albashi ya ci bashi ya kasa biya ba ya ciki, nashi daban ne. Hanyoyi huɗu ta kawo: conciliation (sulhu ta hannun kotu), règlement préventif (tsarin biya kafin a karye), redressement judiciaire (tada kasuwancin ƙarƙashin kotu) da liquidation des biens (saida dukiya a raba), sunayen nan da su za a yi maka magana a girefin kotu, wato ofishin magatakarda, shi ya sa na bar su yadda suke. Ta biyar ita ce tamu ta gida, a tara manya a yi sulhu.

Kafin ka zaɓi ko wacce, akwai tambaya ɗaya da ke raba komai gida biyu: ka kai matsayin da doka ke kira cessation des paiements ko ba ka kai ba? Ma'anarshi kuɗin da ke hannunka yanzu yanzu, na akwati da na banki da wanda za ka iya samu nan take, ba su isa biyan basukan da wa'adinsu ya riga ya cika ba. A nan mutane ke ruɗewa. A ce misali Alhaji yana da buhunan wake da aya a mangaza na miliyan 40, ga gida a Ali Ɗan Sofo, amma bashin da ya kamata ya biya wanga wata miliyan 30 ne, abin da ke hannunshi miliyan 4. A idon kasuwa mai arziki ne, a idon doka ya daina biya, don buhun da ba a saida ba da gidan da ba a samu mai saye ba ba su shiga lissafin abin da ke hannu. Amma in masu binshi sun ƙara mishi wa'adi, ko banki ya buɗe mishi kiredi da zai rufe ramin, to bai kai can ba tukun. Wanda bai kai ba yana da conciliation da règlement préventif. Wanda ya kai, doka ta ba shi kwana 30 ya je kotu da ƙafarshi ya faɗa, kuma abin da ya rage mishi redressement ko liquidation.

Sulhun gida ba abin rainawa ba ne, shi muka sani, kuma addini ma ya ce mai ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi. Ba ka biyan kowa ko dala, asirinka a rufe, uban gidanka ko wani dattijon kasuwa ya sa baki a raba maka biya. In masu binka biyu ne ko uku kuma duk mutanen da kuka daɗe tare ne, wallahi tsaya nan, sai dai a rubuta, kowa ya sa hannu da shaidu. Inda yake da rauni shi ne ba ya ɗaure wanda bai yarda ba, mutum tara su yi haƙuri na goma ya je ya ɗauko wisiye ya kama motarka ko ya toshe kont ɗinka na banki, shikenan sauran taran su ma hankalinsu ya tashi kowa ya ce a ba shi nashi. Kuma banki da ofishin impo (haraji) ba sa aiki da "Alhaji ya sa baki", takarda suke so.

Conciliation ita ce ta fi kusa da sulhun namu, ita ce kuma nake ganin ƴan kasuwar Maradi suka fi yin asarar rashin saninta. Sai a gyaran 2015 ta shigo. Kai ne za ka rubuta wa shugaban kotu, ko kai da wasu cikin masu binka ku rubuta tare, a nan kotun da ke duba shari'ar kasuwanci ita ce tiribinal de grande instance, Yamai ce ke da kotun kasuwanci ta musamman. Shugaban kotu ya naɗa mai sulhu, conciliateur, kana ma iya ba da sunan wanda kake so, ya zauna da kai da manyan masu binka har wata 3, in ta kama a ƙara wata 1. Tattaunawar a sirrance ake yi, ba a buga sunanka a jarida sai in kotu ta ba wani fifikon sabon kuɗi da za mu faɗa a ƙasa, kantinka na hannunka ba wanda zai zauna maka kan akwati. In an daidaita, a kai yarjejeniyar wajen noter, mai tabbatar da takardu a hukumance, ko kotu ta sa mata hannu ta zama tana da ƙarfi. Akwai kuma wani abu mai daɗi: wanda ya yarda ya zuba maka sabon kuɗi ko ya ba ka sabon kaya cikin yarjejeniyar da kotu ta amince da ita, in Allah ya sa daga baya aka kai ga saida dukiyarka, shi za a fara biya kafin kowa. Wannan shi ke ba mai kawo maka kaya ƙarfin zuciyar sake loda maka mota. Amma fa conciliation ba ta tsayar da ƙarar kowa kai tsaye, in wani ya taso maka ana cikin tattaunawa sai ka koma wajen shugaban kotu ka roƙi ya dakatar da shi, kuma wanda bai sa hannu ba ba ta ɗaure shi. Ladan mai sulhun ma kai za ka biya.

Règlement préventif ta fi ta ƙarfi, ta kuma fi ta tsada ga mutunci. Ita ma sai wanda bai kai ga daina biya ba amma yana cikin matsala mai tsanani. Za ka kai tsarin yadda za ka biya, concordat préventif, in shugaban kotu ya ga tsarin na da ma'ana sai ya naɗa ƙwararre ya binciki lissafinka, kuma daga ranar duk masu binka an ɗaure musu hannu wata 3, ana iya ƙara wata 1, ba kama kaya ba sabuwar ƙarar neman biya, har mai riƙe da jingina, banda albashin ma'aikatanka. Ɗan uwanka da ya tsaya maka a banki shi ma yana samun wanga numfashi. Kai ma an ɗaure naka hannun, ba ka da ikon zaɓar wani cikin tsoffin masu binka ka biya shi a ɓoye, ba ka saida wani babban abu ko ka jinginar da shi sai da izini. Wa'adin da za a sa a tsarin ba ya wuce shekara 3, na albashi shekara 1, kuma in ɗagin da kake nema bai wuce shekara 2 ba kotu na iya ɗora shi har kan wanda ya ƙi, sai in hakan zai karya shi shi ma. Ragin bashi kam ba a tilasta wa kowa. Ana buga ta a rajistar kasuwanci da jaridar sanarwa, ke nan gari zai ji, kuma a Maradi in aka ji an buga sunanka masu ba ka kaya bashi sai su fara cewa sai da kuɗi hannu. In ta lalace ba a kai ga yarjejeniya ba, sai bayan wata 18 za ka iya sake nema.

To tsakanin biyun nan? Ni dai ga yadda nake auna su. In matsalarka na hannun mutum biyu zuwa huɗu manya, banki da masu kawo maka kaya, kuma ba wanda ya fara kai ka ƙara, conciliation ta fi maka nesa ba kusa ba, don sunan ɗan kasuwa shi ne rabin jarinshi. In kuma masu binka sun yi yawa, ƙanana da manya, har ɗaya ko biyu sun fara aiko wisiye, sirrin da kake karewa ya riga ya fita, gara ka nemi règlement préventif ka samu watannin nan ba wanda ke taɓa ka. Kuma ƙaramin ɗan kasuwa, wanda ma'aikatanshi ba su wuce 20 ba kuma cinikinshi na wata 12 bai wuce miliyan 50 na sefa ba, an yi mishi sassauƙan tsari mai ƙarancin takardu, a nan da kuma a redressement da liquidation.

Takardun nan su ne inda yawancinmu ke faɗuwa. Ana neman shaidar rajistarka, lissafin shiga da fita, jerin waɗanda ke binka da waɗanda kake bi da adadi da ranar biya, yawan ma'aikata da albashin da ba a biya ba. Mutumin da ke juya miliyoyi amma duk lissafinshi na cikin kanshi da wani ƙaramin littafi da yaron kanti ke rubutawa da biro, ranar da ake buƙata ba shi da abin nunawa. Samo kontabul tun yanzu ya fi sauƙi a kan samo shi ana gobe zaman kotu.

Yanzu wanda ya riga ya daina biya. A nan gaskiya zaɓin ba duka nashi ba ne, kotu ce ke duba in kasuwancin na iya tashi ta buɗe redressement, in ya mutu ta buɗe liquidation, amma abin da ka kawo mata shi ke karkata ta. A redressement kanti na ci gaba da aiki, kana nan, sai dai an haɗa ka da sindik, wakilin da kotu ke naɗawa, wanda manyan abubuwa ba sa wucewa sai da hannunshi, sama da shi akwai alƙali mai sa ido, juge-commissaire. Kana da kwana 60 daga ranar hukunci ka kawo tsarin biya in ba ka kawo tun farko ba, sannan masu binka su jefa ƙuri'a, kuma sai an samu rinjaye iri biyu: mafi yawan mutanen, waɗanda kuma bashinsu ya kai aƙalla rabin jimla. Misali mutum 10 na binka miliyan 60, sai 6 sun yarda kuma bashin su shidan ya kai miliyan 30. Duk abin wata 6 aka ba shi, a ƙara wata 3 sau ɗaya, in ba a kai ga komai ba a maida shi liquidation. Ita liquidation an cire hannunka daga dukiyarka gaba ɗaya, sindik ne ke saidawa, shi ke karɓo bashin da kake bin mutane, shi ke rabawa, wa'adinta wata 18 da ƙarin wata 6. Kuma in da sunanka kake kasuwanci ba ka buɗe kamfani irin SARL, wanda bashinshi ke tsayawa kan jarin kamfanin, ba, babu bango tsakanin kayan kanti da gidanka da gonarka.

Kowa zai ce redressement ta fi, kuma haka ne in kasuwar na da rai, wato hajarka na tafiya bashi ne kawai ya shaƙe ka. Amma in sana'ar ce kanta ta mutu, jan wata 9 ana biyan sindik da haya da albashi cinye ɗan abin da ya rage ne kawai. Kuma liquidation na da wani abu da ba a cika faɗa ba: tun gyaran 2015, in an saida komai bai isa ba aka rufe shari'ar, a ƙa'ida masu binka ba sa sake dawowa su bi ka ɗaya bayan ɗaya kan ragowar, sai in an kama ka da zamba, ko an yanke maka hukuncin banqueroute (laifin karyewa) ko faillite personnelle (hana ka kasuwanci), da wasu ƴan wurare da doka ta ware. Ke nan mai gaskiya na iya sake farawa. Tsakaninshi da Allah kan haƙƙin mutane wannan kuma magana ce ta malamai, kotu ba ta goge ta.

Dan Allah a kiyaye abin da ake yi in an ga ruwa ya kusa cin mutum, a kwashe kaya cikin dare a kai gidan suruki, a maida fili sunan uwargida, a ba wani aboki mota a madadin bashinshi a bar saura. Kotu na da ikon maida ranar daina biyanka baya har wata 18 kafin hukunci, kuma kyauta, biyan bashin da wa'adinshi bai yi ba, biya da kaya maimakon kuɗi, ko jinginar da aka yi kan tsohon bashi a wanga tsakani, duk ana warware su a dawo da abin cikin tukunyar kowa. Ɓoye dukiya ko ƙirƙiro bashin ƙarya banqueroute frauduleuse ne, laifi ne na kaso, har dangin da suka taimaka aka ɓoye doka ba ta bar su ba. Rashin zuwa kotu cikin kwana 30 ba tare da uzuri ba da rashin riƙe lissafi su ma suna iya zama laifi. Faillite personnelle kuma hana ka kasuwanci da shugabancin kamfani ne daga wata 6 har shekara 10. Shugaban SARL ma kar ya ce ya tsira, in sakacinshi ne ya jawo ramin ana iya sa shi ya cike daga aljihunshi.

Sai ku masu bin bashi, ku ma zaɓi uku ne gabanku. Na farko ka bi naka kai kaɗai ta injonction de payer, ka kai faktir ko takardar bashi kotu ta ba da umarnin biya, wisiye ya kai mishi, in bai yi jayayya cikin wa'adi ba a kama kaya. In mutumin na da abin biya taurin kai ne kawai, wannan ce hanyarka, ta fi sauri ta fi araha. Na biyu ka nemi kotu ta buɗe mishi redressement ko liquidation, doka ta yarda in bashinka tabbatacce ne, an san adadinshi, wa'adinshi ya cika. Amma ka sani ranar da aka buɗe, kai ma hannunka ya ɗaure, ka shiga layi da kowa, kuma layin ba a binshi da wanda ya riga zuwa. Masu sabon kuɗin nan ne gaba, sai kuɗin shari'a, sai albashin ma'aikata da doka ta fifita, sai masu jingina irin banki mai riƙe da takardar gida, can ƙarshe sai mai bashin amana wanda ba shi da komai sai "na ba shi kaya". In abin da ya rage wa na ƙarshen miliyan 6 ne bashinsu kuma miliyan 30, kowa kashi ɗaya cikin biyar zai samu, mai miliyan ɗaya ya tashi da jika 200, wato sefa 200,000. Shi ya sa ban ga hikimar mai bashin amana ya ruga ya tura mutum liquidation don fushi ba, banki yake yi wa aiki. Wurin da take da amfani shi ne in ka ga ana kwashe dukiya ana biyan wasu ana barinku, don ita ce ke iya dawo da abin da aka fitar.

Na uku, ka zauna a yi sulhu ko ka yarda da tsarin biya. Wanda aka ce a ba shi kashi 70 cikin 100 a shekara 2 daga kantin da ke aiki, ya auna da jika 200 ɗin can kafin ya ce a'a, ya kuma duba ko shi kanshi zai iya jiran, don kar garin ceton wani ya karye.

In an riga an buɗe shari'ar, abu ɗaya ne ba a wasa da shi: ka kai wa sindik bayanin bashinka a rubuce da hujjoji, kwana 60 bayan sanarwa ta biyu a jarida, wanda ke zaune wajen Nijar, irin na Katsina ko Kano, kwana 90. Ka wuce wa'adin an rufe maka ƙofa sai in alƙali ya yarda ba laifinka ba ne. Kar ka zauna kana cewa ai ya san ina binshi, sindik bai san ka ba. In kuma kayanka ne ka ajiye wajenshi, ko ka saida mishi da sharaɗi a rubuce cewa kayan naka ne har sai ya gama biya, to ba layin raba kuɗi za ka shiga ba, kayan za ka nema a maido maka in suna nan yadda suke, shi ma da wa'adinshi, don haka ka gaya wa avoka tun ranar farko. Sharaɗin nan layi biyu ne a jikin faktir, a rubuta shi a sa hannu kafin a sauke kaya ko ranar saukewa, a kuma yi mishi rajista a rajistar kasuwanci don ya yi aiki kan sauran masu bin bashi, in an bari sai bayan rigima ta tashi ba ya aiki.